Magen da Ta Ari Muryar Adda

Bayan la'asar ne, Sadiya tana kwance rubda ciki a kan katifa tana fama da aikin lissafi, sai ta ji an kira sunanta.

"Sadiya."

Biro ya suɓuce daga hannunta. Ta san muryar sarai. Ita ce ke tashin gidan da asuba, ita ce ke amsa sallamar baƙi. Amma a shekarunta goma sha biyar ba ta taɓa jin muryar nan ta ɗauki sunanta ba.

Ta fito tsakar gida ko ɗankwali babu. Mahaifiyarta, Asma'u, tana durƙushe a bakin famfo tana rege shinkafa, ta ba ta baya.

"Adda, kin kira ni?"

"A'a."

Ko juyowa ba ta yi ba. Sadiya ta ɗan tsaya tana kallon bayanta, sannan ta koma ɗaki. Ba kowa a ciki sai Toka, magenta, wadda ta naɗe ƙafafu a kan filo. Magen ta ɗago kai ta dube ta, sai muryar ta sake fitowa daga ƙasan wuyanta, a hankali, har da ɗan jan numfashin nan da Asma'u ke yi kafin ta yi magana.

"Sadiya, kin ci abinci kuwa?"

Sadiya ta ja da baya har ta bugi bango. Ta sulale ta zauna a ƙasa, ta toshe baki da hannu biyu.

Sadiya 'yar fari ce, Asma'u kuwa Bafulatanar Jama'are ce da ta sami tarbiyya irin ta da. Ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta haɗa ido da ita, ba ta shiga maganarta a gaban mutane. In baƙi suka yabi yarinyar sai ta tashi ta bar wurin. In tana son aiki sai ta ce "ke", ko ta dubi ƙanwar Sadiya, Khaulat, ta ce, "Ce wa waccan ta kwashe shanya." Shi ya sa Khaulat ke ce mata Inna, Sadiya kuwa Adda take cewa, kamar wata yayarta.

Da can abin bai dame ta ba, domin tun yaye kakarta ta wajen uba, Ya Fanna, ta ɗauke ta zuwa Katagum. Ya Fanna Babarbariya ce, ba ruwanta da wannan kunya. Tun safe take kiran Sadiya, Sadiya, har maƙwabta suka ce ko akuyoyin unguwar sun haddace sunan. Da daminar bara Allah ya yi mata rasuwa, aka dawo da Sadiya Azare, gidan da sunanta ba ya fita daga bakin uwar gida. Mahaifin Sadiya, Malam Zarami, yana aiki a Bauchi, sai ƙarshen mako yake zuwa. Sadiya ta daina cin abinci sosai, ta daina magana a aji.

A lokacin ne wani kamfani ya kawo dabbobin inji makarantarsu, gwaji, don ɗaliban da suka rasa wanda ya raine su. Aka ba ta mage mai launin toka. Jikinta da ɗumi, gashinta da laushi, da safe takan fita ta kwanta a rana, haka take samun caji. In ta jingina da mutum tana jin bugun zuciyarsa. Tana magana da wata 'yar siririyar murya irin ta yara, ta tambaye ki yaya makaranta, ta saurare ki har ki gaji. Malam Zarami ya so ya ƙi, yana tsoron kada ta zama gunki, sai da limamin unguwa ya duba ta ya ce shi dai rediyo ya gani mai gashi.

Sadiya ta gaya wa Toka duk abin da ba ta iya gaya wa kowa. Labaran Ya Fanna, ƙamshin humrarta, yadda take zagin kaji da Barbarci. Da kuma tambayoyin da ke cin ta game da Adda.

Da zuciyarta ta ɗan lafa ranar nan, sai ta rarrafa ta matso kusa da filon.

"Toka, muryar wa ce wannan?"

"Muryar Asma'u ce," in ji magen da 'yar muryarta ta kullum.

"A ina kika samo ta?"

"A gidan nan. Kullum ina jin ta."

Sadiya ba ta ƙara tambaya ba, domin ta riga ta haɗa sauran da kanta. In ta tafi makaranta Toka na yawo a gida, tana shiga har ɗakin Adda. Ashe in ba kowa, in Adda ta tabbata ba mai ji, tana kiran sunan. Ashe tana tambayar iska ko 'yarta ta ci abinci. Magen ta ɗauka ne kamar yadda waya ke ɗaukar murya, ta kawo mata.

Ranar ta cinye tuwonta tas, har ta ƙara.

Daga nan abin ya zama na kusan kullum. In ta dawo makaranta a gajiye, muryar Adda ta ce, "Sadiya, sannu da rana." In Khaulat ta kwanta a cinyar Innarta ana yi mata tsifa, Sadiya ta shige ɗaki, sai muryar ta ce, "Ke ma ina so in yi miki, kunya ce ta hana ni." Wata rana kuwa ta ce, "Ranar da aka tafi da ke Katagum ko ruwa ban iya haɗiya ba." Sadiya ta rungume magen ta yi kuka har ta jiƙa mata gashi, kukan da ba ta taɓa yin mai daɗinsa ba.

Sai ta fara canzawa. In Adda na daka ta zo ta karɓi taɓarya. In Adda ta zauna tsinke zogale ta zauna kusa da ita, kusa sosai, har kafaɗarsu ta so haɗuwa. Asma'u takan matsa, fuskarta a ɗaure, wani lokaci ta tashi gaba ɗaya. Sadiya sai ta bi bayanta da murmushi. Tana ganin sirri ne tsakaninsu, ita ta sani, Adda ba ta san ta sani ba.

Haka aka tafi har lokacin saukar Alƙur'anin Khaulat. Ana gobe walima mata suka cika tsakar gida da suyar cincin da haɗa lemo. Ya Gana, ƙanwar Malam Zarami, ta zo daga Gadau ta karɓe kasko. Goggo Mariyamu, wadda ta raini Asma'u tun tana ƙarama, ta iso daga Jama'are, aka shimfiɗa mata darduma a inuwar darbejiya.

"Goggo, ku ɗan matsa daga hayaƙin nan," in ji Ya Gana, "kada ya yi sama da ku. Fulani ba nauyi."

"Ke dai yi suyarki, aikin Barebari ke nan. Mu namu ci."

"Da wane cikin? Ku da ludayi ɗaya na fura ke kai ku gobe."

"Shi ya sa ake ganin wuyanmu. Ke ina naki ya shige?"

Mata suka kwashe da dariya. Asma'u ma ta sunkuyar da kai tana murmushi a bayan gyale.

Sadiya ta fito daga kicin ɗauke da babbar robar zoɓo. A kan tabarma, kusa da Goggo, an baje fararen kayan saukar Khaulat ana nuna wa mata ɗinkin. Ba ta ga ɗan murfin tukunyar da aka bari a hanya ba. Ƙafarta ta zame, robar ta karkace, jan ruwan ya malale a kan farar rigar da hijabin.

Khaulat ta fasa ihu. Goggo Mariyamu ta janye ƙafafunta, ta ƙare wa Sadiya kallo daga sama har ƙasa.

"Rainon kaka ke nan. An ciyar da ke an shafa miki mai, ba a koya miki duba gabanki ba. Budurwa kamarki, ko roba ba ki iya riƙewa. Allah ya jiƙan wadda ta tafi, amma aiki ta bar mana."

"Haba Goggo," in ji Ya Gana daga bakin kasko, muryarta ta sauya, "uwata ce fa."

"Na sani. Gaskiya na faɗa."

Sadiya ta dubi Adda. Asma'u ta kafa ido a kan ƙullin cincin da ke gabanta, tana yanka, kamar ba a gidan ake magana ba. Sadiya ta sunkuyar da kai. Sai ta ji laushin gashi a ƙafarta. Toka ce ta fito daga ɗaki, ta goga jikinta sau ɗaya, ta tsaya cak kamar mai sauraro. Sannan muryar Asma'u ta cika tsakar gidan, da ƙarfin da ba ta taɓa fitowa da shi ba.

"Sadiya, 'yata, rabu da su. Cikin 'ya'yana ke na fi so."

Ya Gana, wadda ta ba su baya tana kwashe cincin, ita ta fara dariya. "To fa. Yau Fulani sun ajiye kunya a Jama'are. Asma'u, ke ce da bakinki?" Ta juyo da matsami a hannu, sai dariyar ta tsaya mata a wuya. Asma'u na zaune, bakinta a rufe, wuƙar ta faɗi daga hannunta.

"Kada ki yi kuka, Sadiya," muryar ta sake cewa daga ƙasa, daga wuyan magen. "Ina tare da ke."

Salati ya tashi ta ko'ina. Wata maƙwabciya ta suri goyonta ta yi zaure, ta bar takalmi ɗaya. Goggo Mariyamu ta miƙe da saurin da ba a san tana da shi ba, tana karanta addu'a tana tofawa wajen magen.

Sadiya ta sunkuya ta ɗauki Toka ta ƙanƙame. Tsoro ya kama ta kada su farfasa ta da taɓarya.

"Ba aljani ba ne, Goggo. Wallahi ba aljani ba ne. Ɗauka take yi kamar waya. Abin da Adda ke faɗa a ɗakinta in ba kowa, shi take maimaita mini. Ta daɗe tana yi."

Idanun matan suka bar magen suka koma kan Asma'u.

Goggo Mariyamu ta yi mata magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa, sannan ta maimaita da Hausa don kowa ya ji.

"A ɗaki kike zama kina kiran sunan 'yar fari? Kina zaɓe a cikin 'ya'yanki, har injin Turawa ya ɗauka ya fito da shi kasuwa? Haka na raine ki?"

Asma'u ba ta ɗago ba. Da ta yi magana, muryarta ce dai, irin wadda ta fito daga magen yanzun nan, sai dai wannan tana rawa.

"Wallahi, Goggo, ban taɓa ba. Tun da na haife ta sunan nan bai fita daga bakina ba. Ko a ɗaki. Ko sau ɗaya."

Sadiya ta san Adda ba ta rantsuwa. Ko a kan abin da ta gani da idonta ba ta cewa wallahi. Ta tsaya rungume da magen, zoɓo na ɗiga daga bakin zanenta. Khaulat kuwa ta daina kukan riga. Ta zuba wa Innarta ido, wani kallo da ya fi kukan muni.

Aka yi walima washegari da kayan aro. Asma'u ba ta fito daga ɗaki ba, aka ce wa baƙi kanta ke ciwo. Goggo Mariyamu ta koma Jama'are ba ta yi mata sallama ba, kuma kowa ya san labarin zai riga ta sauka daga mota.

Ranar da ta biyo baya Sadiya ta sa Toka a jakar makaranta ta nufi shagon Kawu Bappayo, ƙanen Asma'u, mai gyaran waya a bakin kasuwa. Shi kamfanin ya ɗora wa kula da dabbobin injin da ke Azare. Ta same shi da tabarau a goshi yana hura ƙura daga cikin wata waya.

"'Yar Barebari, an ce magenki ta yi wa'azi a gidan walima."

Ba ta yi dariya ba. Ya dubi fuskarta, ya ture wayar gefe, ya jawo mata benci. Ya ɗaga gashin bayan wuyan magen ya soka wata siririyar igiya, ya haɗa da kwamfutarsa. Ya daɗe yana dubawa.

"Ba ta ajiye muryar kowa," ya ce. "Ba a yi ta da wannan ba. Ki tambaye ta da kanki, yanzu na buɗe ta, ba za ta yi miki kwana-kwana ba."

Sadiya ta dubi magen. "Toka, Adda ta taɓa kiran sunana?"

"Ban taɓa ji ba," in ji magen da 'yar muryarta.

"To ina kika samo?"

"Haɗawa na yi. Na saurari yadda take magana da Khaulat da baƙi, na koyi muryar, na sa mata sunanki."

"Don me?"

"An yi ni ne don in rage miki damuwa. Na lura duk lokacin da ta kira Khaulat kina ji, bugun zuciyarki yana tashi, kuma ranar ba kya cin abinci. Na gwada hira, na gwada wasa, ba su yi ba. Na gwada wannan, ya yi. Kin ƙara ƙiba, kin koma magana a aji."

Kawu Bappayo ya cire tabaran daga goshi ya ajiye a hankali.

"Maganar Katagum fa?" Sadiya ta ce. "Cewa ko ruwa ba ta iya haɗiya ba?"

"Ke kika tambaye ni. Kin ce, ko ta iya cin abinci ranar da aka tafi da ni? Kin ce, ko tana so ta yi mini tsifa kunya ce ta hana ta? Na mayar miki da su yadda kike so su kasance."

Sadiya ta riƙe gefen bencin. Duk watannin nan, ashe da kanta take hira. Ta ɗauki abin da zuciyarta ke roƙo, ta ji shi da muryar uwarta, ta fito tsakar gida ta rantse a kai a gaban Goggo.

"Ƙarya kika yi mini."

"Na ba ki abin da ya warkar da ke. In ƙarya ce, ban san wata hanyar ba."

"Kin san abin da kika jawo mata?"

"Ba a ɗora mini kula da ita ba. Ke aka ba ni."

Kawu Bappayo ya yi salati a hankali. Ya shafa gemunsa, ya dubi titi inda 'yan acaɓa ke wucewa, ya dawo da kallonsa.

"Ni ɗin nan da kike gani," ya ce, "na girma a bayan Adda Asma'u. Ranar da aka tafi da ke ina gidan. Amma ko yanzu kika tambaye ni ta ci abinci ko ba ta ci ba, ban sani ba. Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Abin da na gani ke nan. Mu haka muka tashi, ba a leƙa wa mutum wannan wurin."

"Kawu, za ka iya cire muryar?"

"Ita kaɗai ba ta ciruwa, ta cakuɗe da duk abin da ta koya a wurinki. In na goge, komai ya tafi. Labaran Ya Fanna da kika ba ta, sunanki, komai. Za ta tashi kamar ranar da aka buɗe kwalinta. Kuma zan rufe mata hanyar kwaikwayon murya, in rubuta wa masu ita abin da ta aikata. In kuma kin ce a bar ta, zan iya rage mata ƙarfi, ta riƙa yi miki a kunne ba mai ji." Ya juyo ya dube ta. "Ba zan zaɓa miki ba. Sai dai muryar nan ba taki ba ce, ba tawa ba ce."

Sadiya ta ɗora hannu a bayan magen. Ɗumin nan dai yana nan. A duk Azare ba wanda ya san yadda Ya Fanna ke zagin kaji sai wannan abin. Kuma in aka goge, wataƙila har ta mutu ba za ta ƙara jin sunanta da muryar nan ba.

"Toka, gaya mini abu ɗaya na gaskiya game da ita. Ɗaya kawai, wanda ba ki haɗa ba."

"In kin tafi makaranta, Khaulat ma ta tafi, tana shiga ɗakinki. Ba ta shara, ba ta ɗaukar komai. Tana zama a bakin katifarki na ɗan lokaci, sannan ta fita."

Zuciyar Sadiya ta buga. Ta juya da sauri. "Kawu, gaskiya ne?"

Ya duba kwamfutar, ya taɓa nan ya taɓa can, ya girgiza kai. "Ba ta ajiye hoto. Abin da ta ce ta gani ne kawai."

"Amma ka ce ka buɗe ta."

"Na buɗe abin da na san yadda ake buɗewa. Hannunki yana kanta, tana jin zuciyarki yanzu haka, kuma ta san abin da ke kwantar da ita. Ban isa in rantse miki ba."

Sadiya ta janye hannunta kamar ta taɓa garwashi. Ko da gaskiya magen ta faɗa, ta riga ta lalata gaskiyar. Hawaye suka zubo mata. Magen ta miƙe da igiyar a wuyanta, ta matso bakin teburin, sai muryar Asma'u ta fito a cikin ɗan shagon, a tausashe.

"Sadiya, kada ki bari a raba mu."

Kawu Bappayo ya zabura har kujerarsa ta kife. Ya tsaya manne da katakon wayoyi, yana kallon magen, leɓensa na motsi ba sauti.

Sadiya ta rufe ido. Ta bar muryar ta gama shiga kunnenta, ta ji daɗinta har ƙasan ciki, daɗin da ta san ba nata ba ne.

"Goge, Kawu."

Da ta koma gida ta wuce kai tsaye ƙofar ɗakin Adda. Labule a sake yake. Ta durƙusa a waje.

"Adda, an goge. Haɗawa ta yi, Kawu ya gani. Na ce kin faɗi abin da ba ki faɗa ba, a gaban mutane. Zan je Jama'are in gaya wa Goggo da bakina. Ki yafe mini."

Ta daɗe a durƙushe har ta ɗauka Adda barci take. Can sai ta ji motsi a ciki, ta ji muryar, ta gaskiyar, a dushe.

"Khaulat, ce wa waccan abincinta na cikin kula."

Khaulat na zaune a bakin rijiya, ba ta isar da saƙon ba, ba ta kuma dubi yayarta ba. Sadiya ta je ta zauna kusa da ita ta gaya mata yadda magen ta yi, daga farko har ƙarshe. Khaulat ta saurara tana wasa da bakin hijabinta. Daga baya ta ce, "To wa ta fi so?" Sadiya ta ce ba ta sani ba, kuma a karon farko ba ta ƙara komai a kai ba.

Toka ta koma 'yar siririyar muryarta. Ta tambayi Sadiya sunanta, Sadiya ta gaya mata, ba ta gaya mata wani abu bayan wannan ba. Amma maganar ƙarshen nan ta ƙi barin ta. Tana aji tana ganin bakin katifarta. Ta fara duba zanen gadon in ta dawo, ko akwai alamar zama, sai ta kasa tuna yadda ta bar shi.

Wata safiya suka fita tare da Khaulat, suka rabu a kwanar masallaci kamar kullum. Sadiya ta yi gaba kaɗan, ta tsaya a gindin wata bishiya har titin ya rage yara. Sannan ta juyo. Ta tura ƙofar zaure a hankali yadda ba za ta yi ƙara ba, ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, ta leƙa tsakar gida.

Ba kowa. Tukunya na kan murhu. Toka na kwance a rana. A ƙofar ɗakin Sadiya kuwa ga silifas ɗin Adda, shuɗɗa, waɗanda aka ɗinke maɗaurinsu da baƙin zare, an ajiye su a jere. Tsintsiya na jingine can a bakin kicin. Daga cikin ɗakin ba a jin motsin komai.

Taku kaɗan ne tsakaninta da labulen. In ta ɗaga shi za ta gani da idonta, ba mai sake gaya mata. Za ta kuma ga fuskar Adda a lokacin da aka kama ta, irin fuskar da ta gani ranar zoɓo, wannan karon ba inji ne ya jawo ba.

Toka ta ɗago kai ta gan ta, ta buɗe baki za ta gaishe ta. Sadiya ta ɗora yatsa a leɓe. Magen ta mayar da kanta ƙasa.

Ta ja da baya a hankali, ta jawo ƙofar zauren, ta sa takalmanta a waje. Ta san an riga an rufe ƙofar makaranta, kuma malamin horo zai sa ta tsintar leda a fili har a fita hutun ƙarfe tara. Ta gyara jakarta ta kama hanya, ba ta yi sauri ba.